Caji Ofis a Harabar Coci

Na tsaya a gaban caji ofis ɗin da na fi sani a duniya in aka cire na unguwarmu, sai na tarar babu ɗan sanda ko ɗaya a cikinsa. Ginin na nan yadda na san shi a akwatin talabijin, da barandarsa da tagoginsa na katako, ga allo ɗauke da sunan garin Honoré. Sai dai babu wani gari mai suna Honoré a nan. Sunan garin Deshaies, mutanensa kuma kan haɗiye rabin haruffan su ce "Dehe". Ginin ma na cocin Katolikan da ke maƙwabtaka da shi ne, masu shirya fim ke ara su jera tebura da fayil-fayil. Masu tsaron garin na gaske jandarmomin Faransa ne, ofishinsu na can wani wuri, babu mai zuwa ɗaukar hotonsa.

Abokina da ya kawo ni, wani Badamagare da ya yi shekaru yana aikin asibiti a tsibirin Gwadalup, ya jingina da mota yana ta dariya.

"To Bakano, ga ofishin naka. Shiga ka kai ƙara."

"Ƙarar wa?"

"Ƙarar wanda ya sayar maka da tikiti mana. Awa takwas a sararin sama don ka zo ka ga ƙarya da idonka. Wallahi sai ku!"

Tsakanin Bakano da Badamagare ba a fushi, don haka na bar shi ya more. Aiki ne ya kawo ni Gwadalup, amma shi da ni mun san abin da ya sa na karɓi aikin da hannu biyu.

Sunan shirin Death in Paradise, wato mutuwa a aljanna. Ranar da na fara jin sunan sai da ya tsaya mini a kunne, don mu a saninmu wanda ya shiga Aljanna ya yi sallama da mutuwa. Daga baya na gane Bature duk inda ya sami rana da rairayi da bishiyar kwakwa, aljanna yake ce masa. Gidan talabijin na BBC ya fara nuna shi a ƙarshen shekarar 2011, daga zango na biyu kuma aka mayar da shi farkon shekara, tsakiyar hunturu. A nan wayon yake. Na san shirin ne lokacin da nake karatu a Ingila, ina haya a gidan wata tsohuwa. A watan Janairu rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu, sanyi ya shiga ƙashi, yayyafi ya ƙi tsayawa ya ƙi zama ruwan sama. Da dare tsohuwar za ta rufe ƙafafunta da bargo, ta riƙe kofin shayi, ta kunna talabijin, sai ga shuɗin teku ya cika falon, ga kiɗan Jamaika mai sa gyaɗa kai. Miliyoyin 'yan Birtaniya ne ke yin yadda take yi a daren. Ni ma da nake kewar rana kamar in yi kuka, ban san lokacin da na fara jawo kujera ba.

Zuwa inda ake ɗaukarsa ya koya mini abu na farko tun kafin in hau jirgi. Gwadalup na cikin tekun Karebiyan, dubban kilomitoci daga Turai, amma a hukumance yanki ne na Faransa tun 1946, da 'yan majalisarsa a Paris, da kuɗin yuro a aljihun kowa. Duk da haka bizar Shengen ba ta shigar da kai, sai ka nemi wata ta daban. Daga sama tsibirin kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. Fiffiken gabas shimfiɗaɗɗe ne, gonakin rake iya ganinka. Fiffiken yamma duwatsu ne da kurmi, a cikinsa dutsen La Soufrière mai aman wuta ya miƙe mita 1,467, kansa kullum cikin gajimare. Siririn mashigin ruwan gishiri ne ya raba su, gada ta haɗa. Daga birnin Pointe-à-Pitre zuwa Deshaies tafiyar kusan awa guda ce, ka bi ta Sainte-Rose, hanya ta yi ta lanƙwasa kamar maciji, sai kawai ka gangaro ka ga gari a kwance a bakin wani lungun teku, tsaunuka kore shar sun rungume shi ta baya, kwale-kwale na lilo a gabansa. Mutanen garin ba su wuce dubu huɗu da wani abu ba. Mutumin da ya tashi inda ake auna ruwa da jarka, in ya ga wannan, shiru yake yi. Ni ma shirun na yi.

A cikin shirin, garin Honoré yana kan Saint Marie ne, wani ƙagaggen tsibiri da aka ce yana ƙarƙashin Birtaniya bayan ya taɓa zama a hannun Faransa. Ginin kowane kashi kuwa ɗaya ne, kamar an buga a kwano guda. Kafin a kai ga kiɗan buɗewa an riga an kashe mutum. Waɗanda za a zarga ba su cika wuce huɗu ba, kuma kowannensu yana da shaidar cewa yana wani wuri lokacin da abin ya faru. Sau da yawa gawar na cikin ɗakin da aka kulle ta ciki, ko an harbi mutum a gaban jama'a ba wanda ya ga mai bindiga. Sufeto da yaransa su manna hotuna a jikin allo, su yi ta kai da komo a tsohuwar Land Rover, su tono asirin kowa: wannan bashi ya ci shi, waccan tana cin amanar miji, wancan an cire shi daga wasiyya. Can wajen ƙarshe wani ya yi wata magana da ba ta shafi komai ba, kan kofin shayi ko makullin ƙofa, sai sufeto ya daskare, ido ya buɗe. Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. A tara duk waɗanda ake zargi wuri ɗaya, ya yi ta kewaya su da bayani har ya nuna mai laifi da yatsa. Daga nan a wuce mashayar Catherine a bakin teku, a yi raha, rana ta faɗi.

Masu sukar fim a jaridun Ingila sun daɗe suna yi wa wannan maimaici ba'a. Ni ban bi su ba. Wanda ya taso yana jin tatsuniya ya san ba don ya ji sabon abu yake zama ba. Ya san Gizo zai yi ha'inci, ya san asirinsa zai tonu, daɗin na cikin yadda za a bi a kai can. Kuma masu rubuta shirin nan suna da wata amana da na yaba: ba sa ɓoye maka alama. Duk abin da sufeto ya gani kai ma an nuna maka, sai dai an nuna maka shi a lokacin da hankalinka ke wani wuri. Kacici-kacici ne na gaskiya, irin wanda in aka faɗa maka amsar za ka dafe kai ka ce ai kuwa. Salon tsohuwar marubuciyar Ingila ne, Agatha Christie, aka ɗauko aka shanya a rana. Ni da tsohuwar mai gidana mun sha yin musu kan wanda ya yi kisan, kuma sau uku cikin huɗu ita ke cinyewa, don ta gano wata dabara: duk wanda aka fi nuna ba zai yiwu a ce shi ne ba, to shi ne.

Wani abin kuma, shiri ne da za ka kalla da surukinka a falo ba tare da ka laluɓi rimot ba. Babu jini male-male, babu yanka gawa a gaban kyamara, ashar ma da wuya. A zamanin da finafinan 'yan sanda na Turai suka koma duhu, jami'i mashayi mai mataccen aure yana bin sawun mai kashe yara a cikin hazo, wannan ya zaɓi hasken rana da barkwanci. Giya dai tana nan a kan kowane tebur, wannan ba a rasa ba.

Barkwancin kuwa kusan dukkansa a kan baƙo yake. Sufeton farko, Richard Poole, wanda Ben Miller ya fito a matsayinsa, an turo shi daga Landan ne ya binciki kisan wani ɗan sandan Birtaniya, aka kuma ƙi barinsa ya koma. Ya tsani rana, ya tsani rairayi, ya tsani abincin garin, burinsa a duniya kofin shayi mai kyau. Kullum yana cikin baƙar kwat da laktaye da jakar hannu, yana tsiyayar da gumi. Ina kallonsa a Ingila ina dariya. Da na taka Deshaies na daina. Ni Bakano ne, na san zafin watan Afrilu, na ɗauka babu ranar da za ta ba ni tsoro. Ashe zafin namu busasshe ne, mai mutunci, gumi ya fito iska ta ɗauke. Na nan jiƙaƙƙe ne, ya lulluɓe ka kamar an tsoma bargo a ruwan ɗumi an yafa maka. Kafin azahar kaftanina ya manne a bayana. Wannan fa a watan Fabrairu ke nan, lokacin da suke cewa gari ya yi sanyi. Masu fim kuwa a watannin zafi da ruwan sama suke aiki, kusan rabin shekara cur. Tun daga ranar na ƙara ganin girman mutumin da ya yi zango biyu a cikin kwat.

A farkon zango na uku, a 2014, aka kashe Poole kansa, aka soke shi da tsinken fasa ƙanƙara a taron tsofaffin abokan karatunsa. Na ɗauka shirin ya mutu tare da shi. Ina! Aka kawo Kris Marshall a matsayin Humphrey Goodman, dogo mai tuntuɓe da komai, mai rubuta bayanan bincike a kan kowace guntuwar takarda da ya laluba a aljihu. Bayansa Ardal O'Hanlon ya zo a 2017 a matsayin Jack Mooney, ɗan Ayalan mai yawan labari wanda matarsa ta rasu. Sai Ralf Little a 2020 a matsayin Neville Parker, mutumin Mancesta da jikinsa ba ya shiri da sauro, ba ya shiri da rana, ba ya shiri da kusan komai. Kujerar ce jarumar shirin, masu zama a kanta 'yan haya ne. Har 'ya'ya shirin ya haifa: ɗaya a gaɓar tekun kudu maso yammacin Ingila a 2023, ɗaya a Ostareliya a 2024.

Dukkan sufetocin a bukka ɗaya suka kwana, wata bukkar katako a kan rairayi wadda bishiya ta ratsa tsakiyarta, tare da wani koren ƙadangare mai suna Harry. Na matsa wa Badamagare sai ya kai ni. Muka tafi bakin ruwan da ake kira La Perle, arewa da gari kaɗan. Rairayi ja-ja kamar garin ƙuli-ƙuli, igiyar ruwa tana dukan gaɓa da ƙarfin da talabijin ba ta taɓa nuna mini ba, can nesa ga tsibirin Montserrat kamar inuwa. Bukka kuwa babu ita. In an gama ɗaukar zango kwance ta ake yi a adana, kada teku ya yi awon gaba da ita.

"Saura ƙadangaren," in ji Badamagare. "Ko shi ma in nemo maka?"

Na riga na san wannan. Harry da kwamfuta ake zana shi. Abin dariyar shi ne a inda muke tsaye ƙadangaru na gaske sun fi a ƙirga, suna ta gyaɗa mana kai daga jikin itatuwa, ba wanda ya ɗauke su aiki.

A kan wannan rairayin na fara lissafin abin da na daɗe ina kau da kai a kansa. A watan Fabrairun 2024 shirin ya cika kashi 100. Kashi ɗari, gawa ɗari ko fiye, a tsibirin da caji ofis ɗinsa bai wuce mutum huɗu ko biyar ba. Da a ce da gaske ne, da tuni kowa ya tattara ya gudu. Wannan ban damu da shi ba, tatsuniya ce. Ban kuma damu sosai da cewa hujjar sufeto sau da yawa ba za ta yi minti goma a gaban lauya mai kaifi ba. Mai laifi ne ke taimakonsa, da an nuna shi sai ya fashe da bayani, ya faɗi dalili, ya miƙa hannu a sa ankwa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne rashin nauyin mutuwar. Mu inda muka fito, in rai ya fita gari kan sani: a yi wanka, a yi sallah, a zauna karɓar gaisuwa, a yi sadakar uku da ta bakwai. A nan ma Gwadalup na ga yadda suke girmama matattunsu, na ga maƙabartar Morne-à-l'Eau da kaburburanta masu tayil baƙi da fari kamar ƙananan gidaje hawa-hawa, inda ake kunna dubban kyandura a farkon watan Nuwamba. A Saint Marie kuwa gawa tambaya ce kawai. Matar mamaci ta share hawaye sau ɗaya, ta amsa tambayoyi, shi ke nan. Na san da an sa makoki na gaske da tsohuwar mai gidana ta canza tasha. Amma sauƙin da ke sa shirin daɗi, shi ne kuma ke sa ka manta kashin jiya kafin ka gama karin kumallo.

Sai babbar maganar, wadda ko makaho ya shafa zai ji. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Shirin nan ya kifar da karin maganar. Shekara goma sha uku, sufeto huɗu, duka fararen fata daga ƙetare, kowannensu ya sauka bai san hanyar kasuwa ba, amma shi ne kullum mai gano gaskiya. 'Yan gari su buga waya, su duba asusun banki, su bi ɓarawo da gudu, sannan su tsaya a gefe suna jinjina wa basirar maigida. Camille Bordey da Florence Cassell, mata biyu masu muƙamin saje, kowacce ta fi shugabanta sanin mutane da harshe da hanya, amma walƙiyar ƙarshe ba ta cika sauka a kansu ba. Wanda kakansa ya ba shi labarin zamanin Di'o da Razdan ba ya bukatar a fassara masa wannan hoto. Tushen labarin ma daga nan yake. Mai ƙirƙirar shirin, Robert Thorogood, ya samo tunanin ne daga mutuwar Bob Woolmer, kocin ƙungiyar kurket ta Pakistan, a ɗakin otal a Jamaika lokacin gasar duniya ta 2007, inda aka kira 'yan sandan Birtaniya su taimaka da bincike.

Masu kare shirin za su ce ai Baturen ne abin dariya, kuma shugaban kowa baƙar fata ne, Kwamishina Selwyn Patterson, wanda Don Warrington haifaffen Tirinidad ke fitowa a matsayinsa, mutumin da kallonsa kaɗai kan sa sufeto ya haɗiye miyau. Gaskiya ne, kuma ni ma kwamishinan nan ya fi kowa burge ni. Amma a yi maka dariya minti hamsin sannan a ba ka gaskiya a minti goman ƙarshe, ai ba faɗuwa ka yi ba. A Kirsimetin 2024 aka ba Don Gilet kujerar a matsayin Mervin Wilson, baƙar fata na farko da ya jagoranci shirin. Na yi murna. Sai dai shi ma daga Landan jirgi ya kawo shi, yana ƙorafin tsibirin kamar waɗanda suka gabace shi. An sauya launin baƙon, ba a sauya cewa sai baƙo ba.

Da yunwa ta taso muka koma cikin gari, gidan abincin Le Madras, wanda shi ne mashayar Catherine a cikin shirin. Tebura a kan rairayi, ruwa na kusan taɓa ƙafar kujera. Rabin masu zaman Turawan Ingila ne da suka manyanta, fatarsu ta yi ja kamar gauta, kowa na ɗaukar hoton kowa. Na ci gasasshen kifi da shinkafa, da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen soyayyen ƙulli mai kifi da yaji da suke kira akra. Cizon farko na ce wa abokina wannan ai ɗan'uwan ƙosai ne. Ya ce in saurari sunan da kyau, in tuna abin da Yarabawa ke kiran ƙosai. Sunan ya tsallaka teku a cikin jiragen da suka kwashi mutane.

Ina cin abincin ina sauraron masu hidima. Da baƙi suna Faransanci, ko ɗan Turancin da suka tsinta saboda masu yawon buɗe ido. Da sun juya ga junansu sai harshe ya canza, ya koma Kiriyol, mai sauri, mai kiɗa, dariya na fita a tsakiyar jimla. Shi ne harshen kasuwa da na masunta da na faɗan cikin mota. Shekara da shekaru ina kallon titunan garin nan, ban taɓa jin muryarsa ba. A Saint Marie kowa Turanci yake yi, wani da karin Jamaika, wani da na Paris, wani da wanda ya koya don aikin. Tobi Bakare, wanda ya yi shekaru yana fitowa a matsayin ɗan sanda JP Hooper, ɗan Landan ne mai tushe a Najeriya. Waɗanda ake kashewa da masu kisan ma galibi baƙi ne daga Ingila, masu otal, 'yan biki, mawaƙa, masu hutu, don kowane kashi sai an gayyato fitattun fuskokin talabijin na can. Ɗan tsibiri ya kawo lemo, ya tuƙa tasi, ya ce bai ga komai ba.

Akwai wata jimla da ake yawan faɗa a shirin wadda sai a teburin nan ta ba ni dariya ta kuma ba ni haushi. Saint Marie ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, don haka in an sami jini ko guba, sai sufeto ya ce a aika da samfur Gwadalup. Suna tsaye a kan ƙasar Gwadalup, iskar Gwadalup na kaɗa musu riga, suna maganarta kamar wani wuri can bayan teku da ba a taɓa nuna maka ba. Kuma da gaske ba a taɓa nuna maka ba.

Badamagare ne ya nuna mini, a kwanakin da suka rage. Shi ma'aikacin asibiti ne, don haka da guba ya fara. Daga 1972 zuwa 1993 an yi ta zuba wani maganin ƙwari mai suna kulodekon a gonakin ayaba na Gwadalup da Matinik, aka ci gaba da zuba shi shekaru bayan Amurka ta hana shi. Maganin ya shiga ƙasa, ya shiga rafuka, ya shiga kifi, kuma zai daɗe a wurin fiye da jikokin jikokin masu gonar. Binciken hukumomin lafiya na Faransa ya same shi a jinin sama da kashi 90 cikin 100 na baligan tsibirin, ga cutar dajin mafitsarar maza ta yi yawa ƙwarai. Ga gawa, ga guba, ga waɗanda ake zargi, in ji shi, saura sufeton da zai tara su a ɗaki ɗaya. Ya ba ni labarin yajin aikin gama-gari na 2009 kan tsadar rayuwa, wanda ya tsayar da tsibirin cak har kwana 44. Ya kai ni Mémorial ACTe a Pointe-à-Pitre, katafaren gidan tarihin cinikin bayi da aka buɗe a 2015 a filin tsohuwar masana'antar sukari. A nan na ji labarin Louis Delgrès, hafsan da ya ƙi yarda lokacin da Napoleon ya turo sojoji su maido da bauta a 1802, ya tarwatsa kansa da mutanensa da albarushi a Matouba maimakon su miƙa wuya. Sai a 1848 aka soke bautar gaba ɗaya.

Inda ya fi taɓa ni ƙaramin wuri ne, garin Petit-Canal. Wata matakalar dutse ce ta tashi daga wajen bakin ruwa zuwa coci, ana kiranta matakalar bayi. A jikinta an manna sunayen al'ummomin da aka kwaso: Kongo, Yarabawa, Ibo, Wolof, Bamileke. Ina hawa ina karantawa, sai na ga an rubuta Peuls.

"Fulani," in ji abokina a hankali. Wannan karon babu tsokana a muryarsa.

Ba na cewa shirin barkwanci ya koma darasin tarihi. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye yana da haƙƙin awa guda ta hutu, kuma mutanen Deshaies da na zanta da su ba su nuna mini suna jin haushinsa ba. Wata dattijuwa mai sayar da ƙanƙarar madarar kwakwa, wadda take juyawa da hannu a cikin bokitin katako, ta ce min in masu fim sun zo ɗanta na samun aikin tuƙi, in sun tafi kuma masu kallo na zuwa, to ita ina ruwanta da wanda ya kashe wa. Direbobi, kafintoci, masu gidajen haya, masu fitowa a bayan fage, duk suna ci. Ƙorafina ƙarami ne kuma na mai ƙauna: marubutan da suka iya fitar da mai kisa daga ɗakin da aka kulle ta ciki sau ɗari, ba za su gaza ba wa ɗan gari walƙiyar ƙarshe ba, ko su bar mutum biyu su yi gardama da Kiriyol na minti ɗaya.

Daren da zan tafi, a gidan abokina da ke fiffiken gabas, na ce sai ya kalli kashi ɗaya, tunda duk tsokanar da yake yi bai taɓa zama ya gani ba. Famfon unguwarsu ya kwana biyu babu ɗigo, abin da suka saba da shi, bokitai da jarkoki na jere a bakin ƙofar kicin. A tsibirin da ruwan sama ke zuba kamar da bakin ƙwarya, tsofaffin bututu ne ke zubar da shi a hanya. Ya samo fassarar Faransanci a kwamfutarsa, mai suna Meurtres au paradis. Nan na ga wani sabon abin mamaki: an ɗora wa kowa Faransanci, har da Baturen Ingilan, don haka rabin barkwancin baƙuntarsa ya narke. A waje ƙananan kwaɗin tsibirin na ta fito kamar dubban usur. Minti ashirin da farawa Badamagare ya daina tsokana, ya matso da kujera.

"Matar nan ce. Ka ga yadda ta ajiye kofin?"

"Malam, kai da ka ce ƙarya ce?"

"Ƙarya ce mana. Amma matar nan ce."

Sufeto ya daskare, idonsa ya buɗe, ya ce a tara kowa. Daidai nan famfon kicin ya yi tari sau biyu, ya fara tsartuwa. Abokina ya yi tsalle kamar an tsikare shi.

"Ruwa! Bakano, ɗauko jarkokin, ba ya daɗewa!"

Muka bar sufeto yana kewaya mutanensa huɗu a falo, muka yi kicin da gudu. Ina riƙe da mazurari yana canza jarka, ruwa na fallatsa mana a ƙafa. Kafin mu cika ta shida, kiɗan rufewa ya tashi daga falon.